"Ɗanɗanawa Kawai Za a Yi": Amsarmu ga Ɗan'uwanmu da Ke Sikotlan



Makonni biyu da suka wuce, wani ɗan'uwa daga cikin zumuntarmu, wanda ya tafi birnin Glasgow na ƙasar Sikotlan karatun digiri na biyu, ya aiko mana da tambaya. 'Yan ajinsu sun shirya tafiya bayan jarrabawa zuwa wani tsibiri da ake rubutawa Islay, ake faɗa Aila. Za su ziyarci wata ƙaramar matatar wiski, a zagaya da su a nuna musu yadda ake aikin, daga ƙarshe a zuba musu iri huɗu ko biyar su ɗanɗana. Ya gaya musu shi ba ya shan barasa. Suka ce masa ai ba shaye-shaye za a je yi ba, ɗanɗanawa ce kawai, kamar darasi, har malamin da ke duba aikinsa ma zai je. Sai ya tambaye mu: "In je, ko kada in je? In na je, in karɓi kofin?"

Dole mu faɗi gaskiya, amsoshinmu na farko ba su taimake shi ba. Wani ya rubuta masa "Allah ya sawwaƙe", wata ta aika masa da aya ba tare da bayani ba, wani kuma ya ce duk wanda ya taka ƙofar irin wannan wuri ya riga ya fāɗi. Ɗan'uwan ya amsa cikin ladabi ya ce ya gode, amma har yanzu bai san abin da zai gaya wa 'yan ajinsu ba. Wannan ya sa muka ji kunya. Mun yi masa tsawa a kan abin da mu kanmu ba mu san ko mene ne ba. Don haka muka zauna muka nemi sanin abin, muka koma ga Maganar Allah, ga kuma inda muka tsaya.

Da farko, mene ne wannan abin sha? Dokar da aka kafa a shekara ta 2009 ta zayyana shi dalla-dalla. Kafin a rubuta Single Malt a jikin kwalbar wiskin Sikotlan, sai an yi shi da ruwa da tsiron sha'ir zalla, ba a gauraya wani hatsi ba, a matata guda ɗaya, cikin tukwanen tacewa irin na gargajiya. Sai ya kwana aƙalla shekara 3 cikin gangar katakon ok a cikin ƙasar Sikotlan. Ƙarfin barasarsa kuma ba zai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Sana'ar tsohuwa ce. Rubutu mafi daɗewa da aka sani game da ita yana cikin littafin baitulmalin sarkin Sikotlan na shekara ta 1494, inda aka rubuta cewa an ba wani ɗan zuhudu mai suna John Cor tsiro domin ya yi wa sarki wannan ruwa. Ita kanta kalmar wiski ta fito ne daga harshen Gelik, ma'anarta kuwa "ruwan rai".

Mu ɗauki misalin ƙaramar matata guda a wannan tsibiri, mai suna Kilchoman. Wani mutum mai suna Anthony Wills ne ya kafa ta a wata gona a yammacin Islay, ta fara aiki a 2005. Kafin ita, an yi shekara 124 ba a gina sabuwar matata a tsibirin ba. Abin da ya sa ta yi suna shi ne, tana noma wani kaso na sha'ir ɗinta a gonakin da ke kewaye da ita, ta tsirar da shi da kanta, ta tace, ta ajiye, ta ɗura a kwalba, duka a wuri ɗaya. Sunan wurin ma daga wata tsohuwar majami'a ya samo asali, kangonta yana nan kusa da gonar, tare da wani gicciyen dutse da aka sassaƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake shirya tsiron dawa a ƙauyukanmu zai gane matakin farko. Ana jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, a baza shi a daɓe, a riƙa juya shi da shebur na 'yan kwanaki har ya fara tsiro. Tsiron ne ke buɗe hanyar da garin da ke cikin ƙwayar zai koma zaƙi. Sai a busar da shi da zafi don tsiron ya tsaya. A Islay sukan ƙona wata baƙar ƙasa mai danshi da ake haƙowa a fadama, wadda ruɓaɓɓun tsire-tsire na dubban shekaru suka zama, hayaƙinta ya shiga ƙwayar. Daga nan ne wiskin tsibirin ke samun ƙaurin hayaƙin da aka san shi da shi. Bayan haka a niƙa, a zuba ruwan zafi a tatso zaƙin, a sa yisti, a bar shi kwana biyu zuwa huɗu. Abin da ya fito a nan giya ce mai ƙarfin kusan kashi 8 cikin ɗari, 'yar'uwar burkutu.

Inda hanya ta rabu shi ne mataki na gaba. Ana zuba wannan giya a babbar tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya, a dafa. Barasa ta riga ruwa zama tururi, sai ta hau wuyan tukunyar, a sanyaya ta ta koma ruwa. Ana yin haka sau biyu. A karo na biyu mai aikin yakan ware na farkon fitowa da na ƙarshe, ya riƙe na tsakiya kawai, wanda ƙarfinsa kan kai kusan kashi 70 cikin ɗari. Fari ne fat kamar ruwan rijiya. Launi da yawancin ƙamshi daga ganga suke zuwa. Yawancin gangunan an riga an ajiye wani abin sha a cikinsu, ko wiskin Amurka da ake kira bobon, ko ruwan inabin ƙasar Sifen da ake kira sheri. Kowace shekara kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke cikin ganga yakan tsere ta jikin katako ya bi iska. Masu sana'ar suna kiran wannan asara "rabon mala'iku".

Shi kuwa zaman ɗanɗanon, ga yadda yake. Ana jera ƙananan kofunan gilashi masu faɗin ciki da tsukakken baki, a zuba kaɗan a kowane. Mai jagora zai ce a ɗaga kofi a dubi launi. Sai a kai hanci a hankali, a faɗi abin da aka ji: wani ya ce hayaƙi, wani ya ce lemun tsami, wani ya ce zuma ko busasshen inabi ko iskar teku. Sai a kurɓa kaɗan a riƙe a baki. Sai a ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku, a sake sunsunawa, domin ruwa yakan saki wani ƙamshin da ya ɓuya. A ƙarshe a yi magana a kan abin da ya rage a maƙogwaro bayan an haɗiye. A Kilchoman, misali, akan kwatanta wanda ake kira Machir Bay, da ya fi kwana a gangar bobon, da wanda ake kira Loch Gorm, da ya kwana a gangar sheri, don a ji yadda katako ke canja abu ɗaya. Ba ihu, ba kiɗa, ba tangaɗi. Mutane ne a zaune cikin natsuwa, wasu har da biro da takarda.

Ba za mu yi ƙarya mu ce babu abin yabo a nan ba. Akwai haƙuri. Mutumin da ya kafa Kilchoman ya zuba dukiyarsa a 2005, amma sai a 2009 ya fitar da wiskinsa na farko kasuwa. Wata ƙaramar matata a gona, mai suna Daftmill a yankin Fife, ta fara tacewa a ƙarshen 2005, ba ta sayar da kwalbarta ta farko ba sai a 2018. Akwai kuma riƙon gaskiya a ciniki: in an rubuta shekara 12 a kwalba, doka ta ce mafi ƙuruciyar abin da ke ciki ne ke da shekara 12. Akwai abinci ga iyalai. Mutanen Islay ba su fi dubu uku da 'yan ɗaruruwa ba, amma matatun wiski a tsibirin sun kai kusan goma, su ne kuma ƙashin bayan aikin yi a wurin. A garin Bowmore, zafin da ke fita daga matatar garin shi ke ɗumama ruwan wurin iyo na jama'a. Masu wannan aiki manoma ne da ma'aikata, mutane kamar iyayenmu. Mu matasa da muke son mu shuka yau mu girbe gobe, muna da abin koyo daga wanda ya iya jiran shekara 12.

Amma yabon haƙurin mai sana'a bai amsa tambayar ɗan'uwanmu ba. Tambayarsa a kan kofin take. A nan ne muke ganin kalmar "ɗanɗanawa" tana yin wani aiki a ɓoye. Tana sa mutum ya ji kamar abin da ya shiga cikinsa ilimi ne. To, bari mu yi lissafi. Hukumomin lafiya na Birtaniya suna auna barasa da awo, awo ɗaya shi ne mililita 10 na zallar sinadarin da ke sa maye. Shawararsu tun 2016 ita ce, mace ko namiji kada ya wuce awo 14 a mako. Wiskin ƙananan matatu yakan zo da ƙarfin kashi 46 cikin ɗari, wanda aka ɗebo kai tsaye daga ganga kuwa yakan kai 55 zuwa 60. In an zuba wa mutum mililita 25 sau biyar na mai kashi 46, ya sha kusan awo 6, wato kusan kashi biyu cikin biyar na iyakar mako guda, cikin awa ɗaya. Ga wanda bai taɓa sha ba, wannan ya isa ya juya masa kai. Hanta ba ta san an yi zaman da biro da takarda ba.

Masu matatun kansu sun san haka. Tun Disamba 2014 Sikotlan ta rage yawan barasar da doka ta yarda a samu a jinin direba daga miligiram 80 zuwa 50 a kowace mililita 100. Shi ya sa a yawancin matatu, in ka ce kai ne direba, sai a ɗura maka rabonka a ƙananan kwalabe ka tafi da shi. In da ɗanɗanawa ba sha ba ce, da ba a hana direba ba. Ƙwararrun da aikinsu ke nan kullum, masu zaɓen gangar da ta nuna, da hanci suke yin mafi yawan aikin, sukan kuma tsarma abin da ruwa sosai kafin su sunsuna. Wanda ya fi kowa sanin abin ya fi kowa taka-tsantsan da shi.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari mu ji abin da Sikotlan ta faɗa a kan kanta. Ƙasa ce mai mutane kusan miliyan biyar da rabi. A shekara ta 2023, hukumar da ke ajiye alƙaluman ƙasar ta ƙirga mutum 1,277 da barasa ce kai tsaye ta kashe su, adadi mafi yawa tun 2008. A unguwannin da suka fi talauci, mace-macen sun ninka na unguwannin masu hali fiye da sau huɗu. Majalisar ƙasar ta yi doka a 2012 cewa kada a sayar da barasa ƙasa da wani farashi. Ƙungiyar masu wiski ta kai ƙara, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a Nuwamba 2017. Dokar ta fara aiki ran 1 ga Mayu 2018 a kan fam ɗaya ga awo biyu, wato feni 50 kowane awo, aka ƙara zuwa feni 65 a Satumba 2024. Ƙasar da take alfahari da wiski ita ce kuma take neman hanyar da 'ya'yanta za su rage sha.

Wannan kokawa ba ta yau ba ce. A garin Wick da ke arewacin ƙasar, garin masunta, inda akwai matatar wiski tun 1826, jama'a sun kaɗa ƙuri'a suka rufe mashaya, garin ya zauna haka daga 1922 har 1947. Akwai kuma wata 'yar Sikotlan da duk muka san sunanta tun muna makarantar Lahadi, wato Mary Slessor. An haife ta a Aberdeen a 1848, ta girma a Dundee. Mahaifinta maɗinkin takalma ne da shaye-shaye ya cinye, har ya kasa riƙe gida, ita kuwa ta shiga aikin masaƙa tun tana shekara 11. Da ta taso zuwa Kalaba a 1876, masu rubuta tarihinta sun ce jirgin da ya ɗauko ta yana ɗauke da gangunan barasa da za a sayar a gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙasa ɗaya ce ta ba duniya gwanayen tace wiski, ta kuma ba mu yarinyar da ta girma tana ɓoye wa maƙwabta halin da gidansu ke ciki.

Wani zai ce, ai ba wiski mai tsada na ƙaramar matata ne ke kashe talakawan Glasgow ba, mai araha ne. Akwai gaskiya a ciki, ba za mu musa ba. Amma sinadarin da ke cikin kwalbar mai tsada shi ne dai ke cikin ta mai araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairu 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya, ta kuma daɗe da sa barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji. Ban da haka, kwalbar mai tsada tana yi wa sauran ado. Ita ce ke sa sha ya zama alamar wayewa da samun wuri. Ƙanenmu da ya ga hoton yayansa a Turai riƙe da kofi ba zai iya sayen Machir Bay ba. Abin da kuɗinsa zai kai shi ne 'yar leda ko ƙaramar kwalba a bakin tasha.

Yanzu mu koma ga Littafi Mai Tsarki, mu kuma karanta shi da gaskiya. A nan ma muna da laifin da za mu furta. Sau da yawa mun koya wa ƙannenmu abin da Littafin bai faɗa ba, don muna tsoron in sun ji gaskiya za su kauce. Mun ce ruwan inabin da Ubangijinmu ya yi a bikin Kana ruwan 'ya'yan itace ne marar maye, alhali maganar uban bikin a Yohanna sura 2 ba ta goyi bayan haka ba. Manzo Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa amfani da ruwan inabi kaɗan saboda ciwon cikinsa. Zabura ta 104 ta lissafa shi cikin abubuwan da ƙasa ke bayarwa daga hannun Allah. Ruwan inabi marar maye da yawancinmu muke sha a Jibin Ubangiji ma sabon abu ne a tarihin ikilisiya: wani ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, shi ya fara dafa ruwan inabi don kada ya yi tsami, a 1869. Matashin da muka gina wa bangaskiya a kan labarin da ba daidai ba, ranar da wani ɗan ajinsu ya buɗe masa ayar, zai fara shakkar sauran abin da muka koya masa.

Amma Littafin da bai hana ruwan inabi ɗungum ba, bai kuma yi wasa da shi ba. Ya hana buguwa a fili a Afisawa sura 5, ya sa ta cikin ayyukan jiki a Galatiyawa sura 5, inda kuma ya sa kamunkai cikin 'ya'yan Ruhu. Ku karanta ƙarshen Karin Magana sura 23 a hankali. Gargaɗin da ke wurin ya fara ne daga ido, daga sha'awar launin abin da yadda yake ƙyalli a kofi, kafin ya kai ga kwatanta ƙarshensa da saran maciji. Matakin farko na zaman ɗanɗano ke nan, a ɗaga kofi a dubi launi. Mu kuma tuna cewa ruwan inabin zamanin manzanni tsimi ne kawai, wanda da wuya ya wuce kashi 14 ko 15 cikin ɗari, sau da yawa ma ana tsarma shi da ruwa. Tace barasa ta tururi don sha ta yaɗu a Turai ɗaruruwan shekaru bayan haka. Wanda ya kafa hujja da bikin Kana don ya sha abu mai kashi 46 ko 58, ya ɗora wa ayar kayan da ba nata ba.

Inda muka tsaya ke nan. Ba mu ce kurɓi ɗaya zai raba mutum da ceton da Yesu ya saya da jininsa ba. Ba mu kuma ce masu bi na Sikotlan da suke shan kaɗan da godiya ba 'yan'uwanmu ba ne. Romawa sura 14 ta hana mai ci raina marar ci, ta kuma hana marar ci yanke wa mai ci hukunci, mu kuwa a wannan gefe na biyu muka fi yin tuntuɓe. Amma surar nan ce kuma ta koya mana cewa ya fi kyau mutum ya bar abin da yake da 'yancin yi, har da ruwan inabi, in zai sa ɗan'uwansa ya fāɗi. Shawararmu ga ɗan'uwanmu, da ga kanmu, ita ce a bar kofin. Dalilanmu uku ne.

Na ɗaya, ba wanda ya san kansa tun kafin ya fara. Babu mashayin da ya ɗauki kofin farko da niyyar ya zama mashayi. Ɗan'uwanmu yana ƙasar sanyi, inda rana ke fāɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, nesa da iyaye, nesa da zumunta, ga nauyin karatu da na kuɗin haya. A irin wannan lokaci ne abin da aka fara da sunan darasi yake zama abokin hira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, ba mu kaɗai muke tafiya ba. A cikin zumuntarmu akwai waɗanda suka girma suna jiran mahaifi ya dawo daga gidan burkutu, suna sauraron takunsa don su san irin daren da za a yi. Akwai waɗanda Ubangiji ya fisshe su daga kwalba, suna lissafin watannin da suka yi ba su taɓa ba. In wanda suke gani a matsayin yaya ya ce ai kaɗan ba kome, su ne za su biya kuɗin wannan magana. 'Yancin da zai sa ƙanenmu ya koma inda ya fito bai kai darajar ƙanen ba.

Na uku, shaidarmu. A garuruwanmu muna zaune da maƙwabta da yawa da suka ɗauka cewa Kirista da giya tare suke tafiya. Iyayenmu cikin bangaskiya sun yi shekaru suna nuna cewa ba haka ba ne. Hoto ɗaya yakan yi tafiyar da wa'azi goma bai yi ba, ba kuwa wanda zai tsaya ya karanta bayanin cewa ɗanɗanawa ce kawai.

To, ya je ko kada ya je? A nan ba mu ɗaure shi ba. In lamirinsa bai ba shi ba, ya zauna, kada kuma ya ji kamar ya yi ƙauyanci. In kuwa ya ga zai iya, ya je. Ya hau jirgin ruwan nan na kusan awa biyu daga Kennacraig, ya ga gonakin sha'ir da teku, ya ga majami'ar Bowmore mai siffar da'ira da aka gina a 1767, ya tsaya gaban tsohon gicciyen Kilchoman. Ya yi tambayoyi a matatar, ya gaya musu yadda ake tsiron dawa a garinsu, za su so su ji. Ya girmama masu aikin. In an zo kan kofuna, ya ce ya gode, ba ya sha, ya nemi ruwa ko shayi. Ya gaya wa wanda ya shirya tafiyar tun kafin a tashi, don kada abin ya zama gardama a gaban mutane. In yana da lasin tuƙi na can, ya ce shi zai tuƙa su, ya ga yadda za su yi murna da shi. Kada ya karɓi ƙananan kwalaben direba ya kai ɗakinsa, domin abin da aka ƙi a gaban jama'a ya fi wuyar ƙi a cikin kaɗaici.

Muna da misali a Daniyel sura 1. Shi ma ɗalibi ne a baƙuwar ƙasa, an sa masa abinci da ruwan inabi daga teburin sarki. Ya ƙudura a zuciyarsa tun da wuri, sa'an nan ya je wurin mai lura da su da ladabi ya roƙa, har ya kawo shawarar a gwada su kwana goma. Bai zagi teburin ba, bai kuma bar makarantar ba. Ya gama karatunsa ya fi sauran. Mai ƙin abu da fara'a, wanda kuma ya san dalilinsa, mutane sukan dawo su tambaye shi daga baya, a nan ne ƙofar bishara take buɗewa.

Sauran aikin namu ne, mu da muke gida. In muna so ɗan'uwanmu ya bar kofin, kada mu bar shi shi kaɗai. Mu kira shi. Mu tambaye shi ko ya sami ikilisiya a can, ko yana cin abinci, ko kuɗin haya ya isa. Mu daina amsa tambayoyi masu wuya da "Allah ya sawwaƙe". Wanda kuma yake cikinmu yana fama da sha a ɓoye, yana karanta wannan da faɗuwar gaba, muna roƙonka ka nemi fasto ko ɗaya daga cikin shugabannin zumunta a wannan mako. Ba za mu kai sunanka gaban jama'a ba. In jikinka ya riga ya saba sosai, kada ka yanke shi dare ɗaya kai kaɗai, domin hakan yana da haɗari, za mu raka ka wurin likita.

Mutanen Sikotlan na dā sun sa wa abin shansu suna ruwan rai. Mu mun san wanda ya zauna a bakin rijiya a Samariya ya yi wa wata mace alkawarin ruwan da ya cancanci wannan suna. Gare shi muke kai ƙishirwarmu, da ta ɗan'uwanmu.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin hatsi da ruwa da hikimar da ka ba 'yan adam. Ka gafarta mana inda muka yi saurin yanke hukunci, da inda muka ƙara a kan Maganarka. Ka riƙe 'yan'uwanmu da suke karatu da aiki a ƙasashen waje, ka ba su ƙarfin hali tare da tawali'u. Ka ta'azantar da gidajen da barasa ta raunata, a Sikotlan da nan gida. Ka cika mu da Ruhunka, ka koya mana mu fi ƙaunar ɗan'uwa a kan 'yancin kanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.